Bin Sawun Furotin Daga Cibiyar Ƙwaya Zuwa Waje: Matakan da Na Bi da Inda Na Yi Tuntuɓe

Tambayar da na fara da ita gajera ce. Furotin ne mai nauyin kilodalton 55 (kilodalton ma'aunin nauyin furotin ne), duk hoton da aka ɗauka a saitofilazam ake ganinsa, wato filin da ke kewaye da cibiyar ƙwayar halitta, alhali a jikinsa akwai jerin laisin da ajinin, biyu daga amino asid, wato tubalan da ake gina furotin da su, irin wanda ke kai furotin cikin cibiya. To, ba ya shiga ne sam, ko yana shiga ana koro shi da sauri har ido bai kama shi a ciki? Amsa wannan ta ci wata biyar, kusan rabinsu a jira da maimaita abin da da ma bai kamata ya lalace ba.

Kafin a taɓa komai a ɗakin gwaji sai an san hanyar, domin kowane mataki na gwajin wani sashe nata yake taɓawa. Bangon cibiya ninki biyu ne, kuma ba a ratsa shi sai ta ƙofofi. Kowace ƙofa an gina ta da furotin kusan iri 30, tsakiyarta cike da zaruruwa masu maimaita finailalanin da gilaisin, sun sarƙe kamar raga. Ƙananan abubuwa, ƙasa da kilodalton 40 ko kusa da haka, suna silalewa da kansu, kuma iyakar ba tsayayya ba ce: gwargwadon girma, gwargwadon jinkiri. Babba kuwa sai da ɗan rakiya. Babban mai rakiyar fita shi ne CRM1, wanda ake kuma kira XPO1. Abin da yake dubawa shi ne alamar fita, NES, ɗan gajeren jeri mai amino asid huɗu ko biyar masu ƙin ruwa, galibi lusin, a tazara sananniya. A 1995 aka gano ta a furotin Rev na ƙwayar HIV-1 da kuma wani furotin mai suna PKI, a 1997 aka tabbatar CRM1 ne ke ɗaukarta. CRM1 ba ya riƙe kaya da ƙarfi sai wani ƙaramin furotin mai suna Ran, ɗauke da sinadarin GTP, ya haɗu da su, su zama uku. Irin wannan Ran a cibiya yake da yawa saboda furotin RCC1 da ke manne da kuromatin, wato DNA da furotin ɗin da ke naɗe shi, shi ke ɗora masa GTP. Da sun fito, RanGAP1 tare da RanBP1 da RanBP2 su sa a fasa GTP ya koma GDP, ƙungiyar ta watse, kaya ya tsaya a waje, CRM1 ya koma ciki hannu rabbana, NTF2 kuma ya mayar da Ran. Ƙofar ba ta san gaba da baya ba. Bambancin Ran tsakanin ciki da waje shi ne ke nuna alƙibla.

Matakin farko a kwamfuta na yi shi, yini ɗaya. Na zuba jerin amino asid ɗin a NetNES da LocNES, manhajoji masu hasashen alamar fita, suka ba ni wurare huɗu. Na yi murna, amma biri ne ya yi kama da mutum. Tsarin da manhajojin ke nema, mai ƙin ruwa, tazara biyu ko uku, mai ƙin ruwa, tazara biyu ko uku, mai ƙin ruwa, tazara ɗaya, mai ƙin ruwa, kusan kowace murɗaɗɗiyar helis mai fuska biyu tana da shi. Da na ɗora wuraren a kan siffar da manhajar AlphaFold ta hasashe, biyu suna binne a tsakiyar dunƙulen furotin, inda lusin ɗin ke riƙe da ginin, CRM1 ba shi da ta inda zai kai gare su. Sauran biyun suna sassa marasa tsayayyar siffa, ɗaya kusa da farko, ɗaya a wutsiya. Su na riƙe. Ban jefar da binannun gaba ɗaya ba, don akwai alamar da ke ɓuya ta kuma bayyana: ta furotin p53 tana cikin sashen da ke haɗa shi huɗu-huɗu, in ya haɗu ta rufu, in ya rabu ta buɗe.

Sai takardu, kuma nan ne lokaci ya fi zurarewa ba tare da an ji ba. Fom na kwamitin kula da tsaron halittu, don izinin haɗa DNA da sa shi a ƙwayoyin mutum, ya nemi sunan kowane filasmid, wato ɗan zoben DNA da ake cusa wa ƙwaya, kowace irin ƙwaya, da yadda za a kashe shara. Ya dawo sau ɗaya saboda ban saka aktinomaisin D da saikuloheksimaid cikin jerin guba ba, na sake jiran zaman kwamiti na gaba. Filasmid ɗin gwaji da na nema daga wani ɗakin bincike ya buƙaci yarjejeniyar musayar kayan bincike, wadda ba mai bincike ke sa wa hannu ba, sai ofishin da ke da hurumi a ɓangarorin biyu. Mako shida ta kwana tsakanin tebura biyu. Da na sani, da ranar da na buɗe NetNES na tura duka takardun, maimakon in jira sai na gama shiri. Ta fuskar kashe kuɗi, abubuwa uku ne suka fi cin kasafi: antibodi masu gano furotin, awannin madubin konfokal mai ɗaukar siririn yanki na ƙwaya da ake lissafawa da sa'a, da maganin toshe CRM1 ɗin kansa, wanda ke zuwa 'yar kwalba kamar ba komai a ciki.

Ina jira na haɗa furotin ɗin da GFP, furotin mai ƙyallin kore. GFP kilodalton 27 ne, shi kaɗai yana shiga yana fita yadda ya ga dama, shi ya sa ake ganinsa ko'ina a ƙwaya. Cikakken furotin da GFP ya kai 82, ya wuce silalewa, babu matsala. Kuskuren ya zo da na yanka shi gunduwa-gunduwa don in gano wane sashe ne ke ɗauke da alamar. Wutsiyar, amino asid 90, da GFP ba ta kai kilodalton 40 ba. Ko CRM1 yana fitar da ita, tana komowa da kanta, hoton ya fito bai ɗaya, kai ka ce babu alama. Sai da na sake gina gunduwoyin da GFP biyu a jere, mako biyu kuma suka tafi. Na kuma yi nau'i biyu na cikakken, GFP a gaba da GFP a baya, saboda alamar da ke wutsiya tana iya rufuwa in an rataya mata kaya a kusa. In ba a duba haka ba, gudun gara ne a faɗa gidan zago. Kowane gini na tura an karanta jerinsa, kwana biyu zuwa uku kowane zagaye.

Cikin ƙwayoyin mutum da ake rainonsu a ɗakin gwaji, HeLa na zaɓa, U2OS ma za su yi, domin suna shimfiɗewa, cibiya da saitofilazam kowanne ya fito sarai. HEK293T suna karɓar DNA da sauƙi, amma dunƙulallu ne, saitofilazam ɗinsu siriri, kuma suna ɓallewa daga gilashi a wanki. Na shuka kusan ƙwaya 50,000 a kowane rami na faranti mai rami 24, a kan gilashi mai faɗin milimita 12, lamba 1.5. Washegari na sa nanogiram 250 na DNA a kowane rami, na jira awa 18 zuwa 20, sannan na zuba leftomaisin B, wato LMB, maganin toshe CRM1. Wannan magani daga ƙwayar Streptomyces aka samo shi, yana manne wa sistayin ta 528 a CRM1 na mutum, cikin kwarmin da alamar fita ke zama, manni na har abada. Nawa ya zo a maikirogiram 5 cikin kowace mililita, a metanol kashi 70. Sirki ɗaya cikin 500 yana ba da nanogiram 10 a mililita, kusan nanomola 18. Na bar shi awa uku, na kafe ƙwayoyin da farafomaldihaid kashi 4 na minti 15, na rina DNA da DAPI, na shiga ɗakin madubi. Babu abin da ya motsa. Kore a waje, cibiya baƙi ƙirin, mai magani da marar magani duk ɗaya. Na maimaita sau biyu, haka. Gwiwata ta yi sanyi, har na fara rubuta cewa furotin ɗin ba ta CRM1 yake fita ba.

Ashe maganin ne ya mutu. Da ya iso na raba shi ƙananan bututu, maikirolita 5 kowanne, don gudun daskarewa da narkewa. Murfin bai kama sosai ba. Da na ɗaga ɗaya a fitila, babu ɗigo a gindinsa, sai wani ɗan dishi-dishi a bango. A lokacin ban ɗauke shi komai ba, na zuba DMSO, wani ruwan narkar da magani, na narkar, na ci gaba. Kuskure biyu ke nan a hannu ɗaya: LMB ba ya jure bushewa, kuma ba ya zama lafiya a DMSO. A bar shi a kwalbarsa, cikin metanol ko etanol ɗin da ya zo da shi, a digiri 20 ƙasa da sifili, nesa da haske, a ɗiba a rufe nan take, a sirka shi a ruwan rainon ƙwaya mai ɗumi dab da amfani. Babban laifin dai ba bushewar ba ce, rashin abin shaida ne. Babu rami ko ɗaya a farantin da zai gaya mini ko maganin yana aiki. Da sabuwar kwalba ta zo, bayan mako uku, na ware ramuka biyu na rina RanBP1 na asalin ƙwaya da antibodi, bayan na huda ƙwayoyin da Triton X-100 kashi 0.2 na minti biyar. RanBP1 a waje yake zama, in aka toshe CRM1 ya taru a cibiya cikin sa'a guda. Na kuma ware ramin da aka zuba wa metanol zalla daidai adadin da ke cikin maganin. A wannan karon RanBP1 ya koma ciki, furotin ɗina ma ya bi shi. Cibiyoyin da da suke kamar ramuka a cikin kore sun cika da haske, ƙananan dunƙulen cikin cibiya da ake kira nukiliyolos kaɗai suka rage duhu. Na daɗe ina kallon allon kafin in tuna ban adana hoton ba.

Ganin ido ba ya shiga rahoto, sai an auna. A madubi na gama-gari hasken saitofilazam da ke sama da ƙasan cibiya yana shiga lissafinta, don haka na koma konfokal, yanki ɗaya ta tsakiyar cibiya, ƙarfin leza da na'urar karɓar haske ba a taɓa su daga rami zuwa rami. A manhajar auna hoto ta Fiji na zana da'ira a cikin cibiya nesa da nukiliyolos, wata a saitofilazam, wata a wurin da babu ƙwaya, na cire ta ukun daga biyun farko sannan na raba ta ciki da ta waje. Ƙwaya 50 zuwa 100 a kowane yanayi, shuka uku daban-daban a ranaku daban-daban. Rami uku a faranti ɗaya ba maimaici uku ba ne. Na cire masu rabuwa, don bangon cibiyarsu ya rushe, tambayar ma ba ta taso ba. Na cire masu haske fiye da kima, waɗanda ido ke fara sha'awa: furotin ya yi musu yawa har ya fi ƙarfin CRM1 ɗin da ke akwai, sai ya taru a ciki ko babu magani. Masu haske kaɗan su ne masu gaskiya. Na kuma sa wani ya sauya sunayen fayilolin kafin in auna, saboda hannu yana karkata inda zuciya take so.

A nan ne mafi yawan mutane ke tsayawa, kuma a ganina nan ne aikin ya fara. LMB ya nuna CRM1 yana da hannu, bai nuna furotin ɗin yana da alamar kansa ba. CRM1 yana ɗaukar ɗaruruwan kaya. In aka toshe shi, abokin da ke goya furotin ɗinka zai iya maƙalewa a ciki, ya riƙe shi. In aka daɗe, p53 ya taru, ƙwaya ta shiga halin ƙunci, komai ya rikice. Shi ya sa na bi lokaci, minti 15, 30, 60, 120 da 180. Abin da ya motsa cikin rabin sa'a ya fi kama da kayan da ake fitarwa kai tsaye, wanda sai bayan awa shida ko kwana guda abin tuhuma ne. Nawa ya fara a minti 30. Na ƙara da saikuloheksimaid minti 30 kafin LMB don tsayar da ƙera sabon furotin, in tabbatar tsohon da ke waje ne ya shiga ya kasa fitowa. Na kuma gwada selinekso, wanda hukumar FDA ta Amurka ta amince da shi a 2019 don sankarar maiyeloma. Sistayin ɗin nan dai yake kamawa, amma gininsa daban ne, kuma a DMSO ake narkar da shi. Sakamako ɗaya daga magunguna biyu ya fi kwantar da hankali.

Filasmid ɗin da na jira mako shida shi ne Rev(1.4)-GFP, na gwajin da Henderson da Eleftheriou suka wallafa a 2000. Rev ne da aka kashe wa alamar fita, don haka yake maƙale a nukiliyolos. Ana cusa jerin da ake zargi tsakanin Rev da GFP, a ga ko zai iya janyo shi waje. Kowane jeri na sa shi da amino asid kusan 20, ba lusin ɗin kaɗai ba, domin maƙwabtansu suna da tasiri. Alamar Rev ta asali, LPPLERLTL, ita ce abin shaida, filasmid marar komai kuma shi ne sifili. Rabin ramukan na zuba musu saikuloheksimaid kawai, rabin na ƙara aktinomaisin D maikirogiram 5 a mililita na awa uku, wanda ke rage shigar Rev, sai alama mai rauni ta samu damar nuna kanta. Jerin farko ya fitar da kusan komai ko babu aktinomaisin. Na wutsiya sai da shi, shi ma rabi-rabi. Na yanke hukunci a raina cewa na farkon ne.

Ba shi ba ne. A cikakken furotin na mayar da masu ƙin ruwa biyu na ƙarshe a kowace alama zuwa alanin, su ne suka fi nutsewa a kwarmin CRM1. Aikin mako ɗaya ne in komai ya tafi daidai: PCR, narkar da tsohon filasmid da DpnI, shuka a bakteriya, karanta jeri. A karanta dukan jinin, ba wurin canjin kaɗai ba. Canjin jerin farko bai motsa komai ba, furotin yana waje abinsa. Canjin na wutsiya ya mayar da shi cibiya, kuma LMB bai ƙara masa komai a kai ba, wanda shi ne abin da ake so a gani in alamar ita kaɗai ce. Gwajin Rev yana faɗin abin da guntun jeri zai iya yi in an tsige shi an rataye a fili, ba abin da yake yi a mazauninsa ba. Raunin alama kuma ba aibu ba ne, galibin na asali masu rauni ne, domin wadda ta kama CRM1 da ƙarfi fiye da kima tana wahalar saki a bakin ƙofa. Abu ɗaya da za a kiyaye: canza lusin na iya ɓata naɗin furotin. Na duba a westan bulot, gwajin da ke nuna girma da yawan furotin, cewa yawansa bai faɗi ba, babu guntaye, kuma a madubi babu dunƙule-dunƙule. Sannan na rataya wa mai canjin alamar PKI, LALKLAGLDI, a wutsiya, ya sake fita.

Raba ƙwaya gida biyu don westan bulot shi ne matakin da na fi raina, shi ya fi ba ni kunya. Na kumbura ƙwayoyin a ruwa marar gishiri sosai, HEPES milimola 10, KCl milimola 10, MgCl2 milimola 1.5, a ƙanƙara minti 15, na ƙara sabulun NP-40, na juya a 800 g minti biyar. Karon farko na bar sabulun ya daɗe, furotin ɗin da madubi ya nuna a cibiya ya fito duka a kason waje. Lamin B1 da histon H3, shaidun kason cibiya, suna inda ya kamata, amma su a ɗaure suke, ba sa yoyo, don haka tsabtarsu ba ta wanke furotin mai yawo. Na rage NP-40 zuwa kashi 0.1, daƙiƙa kaɗan, na juya nan take. Tubulin ya nuna ko waje ya gurɓata ciki, kalneksin ya nuna ragar endofilazam da ke maƙale wa cibiya. A lodi kuma, daidai adadin ƙwaya ake zubawa daga kowane kaso, ba daidai maikirogiram ba, in ba haka ba an kumbura kason cibiya tun kafin a fara.

Hujja ta ƙarshe a bututu take, babu ƙwaya. Na rataye wutsiyar a GST, furotin da ke manne wa gulutatayon, a kan ƙwallayen gulutatayon, na zuba tsarkakakken CRM1, wani bututun da Ran, wani babu. Ran ɗin mai canjin Q69L ne, wanda ba ya fasa GTP, an ɗora masa GTP tukuna. CRM1 ya kama a inda Ran yake kaɗai, bai kama mai alanin ba, kuma LMB ya hana. In CRM1 ya manne ko babu Ran, galibi datti ne, a ƙara wanki.

Da sabon LMB mai shaida bai motsa furotin ɗin ba, da ba a rufe maganar fita ba. Akwai wasu masu rakiyar: CAS ke fitar da imfotin alfa, eksfotin 6 ke fitar da aktin da furofilin, eksfotin 4 ke ɗaukar eIF5A, wasu furotin kuma a kan mRNA suke hawa su bi NXF1, hanyar da ba ruwanta da Ran. Duk waɗannan LMB ba ya taɓa su. In furotin ɗin mai zama a cibiya ne, sai a haɗe ƙwayar mutum da ta ɓera da sinadarin PEG kashi 50, cikin saikuloheksimaid, a ga ko furotin ya bar cibiyar mutum ya bayyana a ta ɓera, wadda ake ganewa da ɗige-ɗigenta masu haske a rinin Hoechst. HnRNP A1 yana ƙaura, hnRNP C ba ya ƙaura, su ne abin shaida. Mai aiki da yis na Saccharomyces cerevisiae kuma kada ya ɓata maganinsa a kan na gama-gari, domin Crm1 ɗinsa tireyonin ce a matsayi na 539 maimakon sistayin, LMB ba shi da abin kamawa. Sai an nemo nau'in da aka yi wa canjin T539C, shi ma ta yarjejeniyar musayar kaya yake zuwa, a tura takardarsa da wuri.